Sauda Mai Hoto da Hannun Gwaggo Asibi

Kafin 'yan makaranta su gama wucewa ta bayan tashar Gwarzo, Hajiya Sauda ta riga ta share ƙofar shagonta, ta yayyafa ruwa, ta fito da bencin nan mai gajeriyar ƙafa ta tokare shi da dutse. Sai ta shiga ciki ta warware labulen da take ɗaukar mutane a gabansa, wanda aka zana wa gidan bene da bishiyar dabino, ta kakkaɓe shi. Kyamararta a jakar fata take kwana, a naɗe cikin tsohon kallabi. Da bakin kallabin take goge gilashin, a hankali, kamar mai share wa jariri ido. Daga nan sai ta zauna jiran wanda Allah zai kawo: ɗalibi mai neman fasfo, dattijo mai shirin tafiya Makka, ko amarya da ƙawayenta. Ba ta danna kyamara sai ta ce da mutum ya gyara zaman hularsa, ya saki kafaɗa, ya daina riƙe numfashi. "Hoto ne, ba allura ba," in ji ta.

Fiye da shekara talatin ke nan tana wannan aiki. A wurin yayanta ta koya, lokacin da yake da shagon, domin shi namiji ne, iyakarsa zaure, biki da suna kuwa a cikin gida ake yin su. Ita ce ke saɓa jaka ta shiga inda ba ya shiga. A wancan zamani sai an aika fim Kano an wanke, a yi kwanaki ana jira kafin a san ko amarya ta rufe ido. Gidaje da yawa a Gwarzo da Kabo, in ka ga hoton wata tsohuwa da ta rasu a jikin bango, to Sauda ce ta ɗauka, kuma sau da yawa shi kaɗai ne hoton da zuri'arta suka gada.

A wannan watan ta sanar cewa ta daina zuwa bukukuwa. Gwiwa ta ƙi. Wannan kaɗai ya isa a yi mata jinjina. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ta yi a bana, lokacin da wani hoto ya nemi raba wata baiwar Allah mai suna Kamila da gwaggon da ta rene ta.

Sai na fara bayyana inda abin ya samo asali. Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, masu sana'ar hoto da yawa sun yi fushi da zamani. Sauda ba ta yi ba. Ta lura matasa suna ɗaukar hoto ba iyaka, amma ba mai gaya musu komai a kai sai "Masha Allah, ya yi kyau." Sai ta buɗe rumfar shagonta kowace Asabar da hantsi. Duk mai sha'awa ya zo da hoto ɗaya a wayarsa, maza a benci, mata a tabarma. Wayar za ta zaga hannu zuwa hannu, kowa ya faɗi abin da ya gani. Dokarta guda ce: mai hoto ba ya magana sai wayar ta dawo hannunsa. Hujjarta ita ce hoto zai je inda mai shi ba zai bi shi ya yi bayani ba, don haka gara ya koyi magana da kansa.

Mu malaman makaranta mun san wuyar sa mutum ya faɗi gaskiya a kan aikin ɗan'uwansa ba tare da an ɓata ba. A nan ƙasar kara ta yi mana yawa. Sauda tana da hanyarta. In wani ya ce hoto ya yi kyau, sai ta ce, "Masha Allah, mun ji. To ina idonka ya fara sauka?" In ya faɗa, sai ta ce, "Me ke faruwa a wurin?" Ba ta cika faɗin nata ra'ayin ba. Tana dai jan zaren magana har sai mutum ya ji kansa yana faɗin abin da bai san ya gani ba.

Ina nan ranar da Lukuman, malamin gona ne mai yawo ƙauyuka, ya kawo hoton wani manomin albasa na Mainika. Wayar ta isa hannun Pamela, malamar Turanci 'yar Kudancin Kaduna da ta daɗe a cikinmu. Ta duba, ta sake dubawa.

"Malam Lukuman, wannan bawan Allah wutar lantarki yake nomawa?"

Ashe falwayar lantarki ce ta tsaya daidai bayansa, kamar daga tsakiyar hularsa ta tsiro. Aka yi ta dariya. Lukuman ya buɗe baki zai kare kansa, Sauda ta ɗaga yatsa, ya haɗiye. Da wayar ta dawo masa ya ce, "Wallahi ina wurin ban gan ta ba."

"Ai shi ya sa muke zama," in ji Sauda. "Kai mutumin kake gani, kyamara kuwa ba ta san mutum da falwaya ba. Taku biyu za ka yi zuwa hagu."

Babbar matsalar da ta fi fama da ita a wurin ɗalibanta ba falwaya ba ce. Tsoron barin wani a waje ne. Mu nan in za a yi hoto a taro, sai an kira kowa, an jera manya a tsakiya, ƙanana a gefe, an jira wadda ta shiga banɗaki, don kada gobe a ce an ware wani. Sai hoto ya fito da kawuna birjik, ba a san wa ake kallo ba, ba a san me ya tara su ba. Sauda ta sha gaya musu su matsa kusa, su zaɓi abu ɗaya, su bar shi ya yi magana. Sannu a hankali suka koya, har suka fara alfahari da iya rage hoto.

Kamila tela ce, tana aure a Gwarzo, tana kuma cikin masu zuwa rumfar Asabar. Tun daga yaye ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Asibi ta Masanawa, ta ɗauke ta riƙo. Ita ta goya ta, ita ta kai ta makaranta, daga ɗakinta aka kai ta gidan miji. Gwaggo ba ta da wata 'ya sai ita.

Bayan kaka aka yi wa yayan Kamila haihuwa a Kabo. Ranar suna Kamila ta ɗauki hoton da ya fi duk wanda ta taɓa ɗauka. Mahaifiyarta tana zaune a tsakar gida da jaririn a cinya, tana yi masa tsiyar kaka da jika, mata sun sunkuyo suna dariya, hasken rana ya ratso ta zana ya sauka a fuskar yaron. Kowa jaririn yake kallo. Sai mace ɗaya a can gefen dama, a tsaye, baki buɗe, hannu a sama, ta zuba wa kyamara ido.

Asabar ta zo, wayar ta zaga. Lukuman ya ce, "Kai, wannan hoto ya haɗu. Amma wannan hajiyar ta gefe ta tsinka labarin. Kowa yana cikin sha'ani, ita tana ɗaga wa mai hoto hannu."

Pamela ta ce, "Idona kan jariri ya sauka, sai ta fizge shi. Da ni ce sai in rage gefen nan."

Kowa ya yarda. Kamila ta yi shiru, don doka ce. Da wayar ta dawo hannunta, yabon ya riga ya cika mata kunne, ta ce ta gode. A nan take ta rage gefen dama, kowa ya ga hoton ya zauna daram. Da yamma ta sa shi a zauren dangi na waya, aka yi ta yaba mata.

Matar da aka rage Gwaggo Asibi ce. Kuma ba ta fita duka ba: bakin mayafinta da yatsunta masu lalle sun rage a gefe. Gwaggo ba ta da babbar waya, wata 'yar'uwa ce ta nuna mata. Ta gane mayafinta, ta gane hannunta. Ta ga uwar da ta haifa a tsakiya cikin haske, ta ga wadda ta rena an bar mata yatsu.

Ba ta yi faɗa ba. Akwai atamfar da Kamila ta ɗinka mata ta fitar suna. Gwaggo ta wanke ta, ta ninke, ta ba direban da ke zuwa Gwarzo, da saƙo: a ce wa Kamila ta ba waɗanda suka isa shiga hoto. Daga ranar ta daina ɗaga wayarta. Kamila ta je Masanawa, Gwaggo ta amsa gaisuwa kamar ta baƙuwa, ta sa aka kawo mata ruwa a kofin baƙi. Duk wanda ya san riƙo ya san abin da wannan ke nufi.

Asabar ta gaba Kamila ba ta zo rumfa ba. Sauda ta tambaya, aka gaya mata. A nan ne, Hajiya, kika yi abin da ya sa nake rubutun nan. Kina iya cewa rikicin dangi ne, ba ruwan mai hoto. Kina iya cewa shawara aka ba ta, ba a tilasta ta ba. Maimakon haka kika rufe shago da rana tsaka, kika taka da gwiwar nan taki har gidan Kamila.

Kamila ta ba ni labarin zaman. Ta ce Sauda ta tarar da ita a gaban keken ɗinki, atamfar a kan cinyarta, ba ta ɗinka komai. Bayan gaisuwa Sauda ta ce, "Na farkon yana nan? Wanda ba ki taɓa ba?"

Yana nan. Sauda ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta buɗa gefen dama da yatsu biyu har fuskar Gwaggo ta cika wayar.

"Wannan ba ɗaga hannun gaisuwa ba ne. 'Yar nan, me take ce miki?"

Kamila ta ce ba ta tuna ba, hayaniya ta yi yawa.

"A ina kike tsaye?"

"Ina ja da baya ne, Hajiya, don in samu kowa ya shiga."

"Me ke bayanki?"

Kamila ta ce a nan ne abin ya faɗo mata. Bayanta murhu ne, da babbar tukunyar miyar suna tana tafasa. Ta tuno muryar: "Ke! Tukunya a bayanki!" Ta tsaya cak a lokacin, ta danna hoton, ta ci gaba da harkarta, ta manta. Cikin matan da suka cika gidan nan, kowa yana kallon sabon jariri, mutum ɗaya ce ke kallon Kamila.

Sauda ta bar ta ta yi kukanta. Sannan ta ce ta zo ranar Asabar, da hoton yadda yake.

Ina wurin wannan zaman. Ba a zaga da waya ba. Sauda ta sa Kamila ta fara magana, abin da ba a taɓa yi ba a rumfar. Da ta gama, Pamela ta rufe baki da hannu. Lukuman ya yi gyaran murya.

"Hajiya, amma fa a ƙa'ida, wanda ya kalli kyamara..."

"Ƙa'idarka tana nan, Malam Lukuman, ban soke ta ba. Abin da kuka faɗa kun gani, kun gani. Ni ma ina zaune na gani, na yi shiru. Amma mun ce a yanke mutum ba mu tambayi ko wace ce ba. Wadda ta sani kuwa, ni na rufe mata baki."

"To yanzu mai hoto zai riƙa yi mana wa'azi ke nan kafin mu duba?"

"Kai dai ba ka son a hana ka naka wa'azin," in ji Pamela. Aka ɗan yi dariya, wuri ya saki.

Sauda ta ce mai hoto zai ci gaba da yin shiru, wannan bai canza ba. Amma daga ranar, falwaya ce kaɗai za a ce a cire kai tsaye. In mutum ne, ko da gwiwar hannunsa ce ta leƙo, sai an juya an tambayi mai hoto: wane ne wannan a wurinka, me yake yi? Sai an ji amsa kafin a ba da shawara.

Na daɗe ina koyarwa, na ga malamai da yawa, da ni a ciki, muna gyara wa yara kuskure kullum. Ban cika ganin wanda ya gyara dokar da ya kafa da kansa a gaban ɗalibansa ba, yana dab da ajiye aiki, lokacin da ba wanda zai tuhume shi. Ke ce kika yi haka, Sauda, ba tare da kin ɗaga murya ko kin nemi wanda za ki ɗora wa ba.

Saura Gwaggo. Sauda ta wanke hoton cikakke a babbar takarda, ta sa shi a firam. Ta ce Kamila ba za ta je ita kaɗai ba, tunda ba ita kaɗai ta yanke ba. Pamela ta ce da ita za a je, bakinta ne ya fara cewa a rage. Su ukun suka shiga mota zuwa Masanawa.

Sun tarar da Gwaggo a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta shimfiɗa wa baƙi tabarma, aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da amfanin gona, aka sake gaisawa. Kamila ta durƙusa a gefe, Gwaggo ta amsa mata ba ta dube ta ba. Sauda ba ta fito da hoto ba. Ta jawo kwaryar ta sa hannu a gyaɗa, Pamela ma ta sa. Aka yi ta ɓara ana hirar damina.

Can Gwaggo ta ce, "Ke ce Sauda mai hoto ko? Ke kika ɗauki auren yarinyar nan."

"Ni ce, Yaya."

"A lokacin dai da kaina na fito, har da ƙafafu."

"Da kanki kika fito. Wannan karon ma da kanki kika fito, mu ne muka yi karambani. A rumfata aka ba ta shawarar, ina zaune."

Pamela ta ce, "Mama, ni ce na ce a rage. Ban san ke ba ce. Ki yafe mini."

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. "Ke malamar makaranta ce? Haka kuke yi wa yaran mutane, in layi bai yi daidai ba ku yanke na gefe?"

"Wani lokaci har da na tsakiya, Mama."

Gwaggo ta so ta yi dariya, ta danne. Sai Sauda ta zare firam ɗin daga mayafinta ta ɗora mata a cinya.

"Yaya, a wurinmu in an kawo hoto, kowa yakan faɗi abin da ya gani. Mu mun faɗi namu, mun yi kuskure. Saura ke."

Gwaggo ta goge hannu a zani. Ta ɗaga hoton, ta nisanta shi, ta matso da shi.

"An ɗauke ni baki buɗe kamar mai tallan fura."

Ta ci gaba da kallo. Daga baya Pamela ta gaya mini ta ga babban yatsan Gwaggo yana shafa gilashin, ba a kan fuskarta ba, ba a kan jaririn ba, a can ƙasa wajen bakin firam, inda babu kowa.

"Me kika gani, Yaya?"

"Na ga yarinyar da ba ta duba bayanta. Tun tana rarrafe haka take. Sau nawa ina cire ta daga bakin murhu."

Kamila ba ta cikin hoton. Ita ce ta ɗauka. Amma ita Gwaggo ta gani.

Kamila ta matso ta kifa kai a gwiwarta. Gwaggo ta bar ta jim kaɗan, sannan ta ɗan ture ta. "Tashi, kin zubar mini da gyaɗa. Ina atamfata? Ko ita ma kin rage mata hannu?"

A jaka take. Kamila ta fito da ita. Gwaggo ta karɓa, ta ce a mayar da hoton inda aka cire ta, kowa ya gani, da bakin a buɗe da komai. Sannan ta aiki Kamila ɗaki ta ɗebo wa baƙi fura, ta gaya mata inda ludayi yake, kamar ba ta sani ba.

A hanyar dawowa gwiwar Sauda ta kumbura, ta yi kwanaki ba ta buɗe shago ba. Da na je duba ta, ba ta yi zancen Masanawa ba. Tambayata ta yi ko an yi zaman Asabar, da wa ya kawo hoto, da ko an bar shi ya yi shiru. An yi zaman, Hajiya. Lukuman ne ya tokare benci da dutse, Kamila ta ja zaren magana. Wani ya kawo hoton masussuka, da rabin wani dattijo a gefe, sai da aka tambayi ko wane ne.

Sauda mai ido, mun gode. Mun gode da tsofaffinmu da kika adana mana fuskokinsu, da amaren da kika sa suka saki kafaɗa, da matasan da kika koya wa faɗin gaskiya ba tare da cin fuska ba. Ke ce kika nuna mana cewa wanda ya ba da shawara bai gama aiki ba sai ya bi ta ya ga inda ta sauka. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya sa ki daɗe a rumfar nan kina ɗaga mana yatsa, Ya saka miki da mafificin alheri.

Mu kuma da muke duba aikin wasu, a aji ne ko a shago ko a gida, mu yi koyi da ita. Mu faɗi abin da muka gani, kada kara ta hana mu. In kuma maganarmu ta yi ɓarna, kada mu aika a ba da haƙuri. Mu shiga mota mu je, mu zauna, mu sa hannu a gyaɗar.